Giwa a Ɗakin Awon Kifi

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da littafin
ƙungiyar masuntan gaɓar Valparaíso.
Gishiri ya ci gefen shafuka,
ɓera ya ci watan Maris na wata shekara,
ni kuma yana ta fara cin idona.

Daren Talata Maite Quilodrán ta sauko daga kan tudu,
jikar ƙanwata ce, rigar sanyinta na ƙamshin kofi.
Ta share ɓawon kifi daga tebur da gwiwar hannu,
ta kunna tsohuwar kwamfutar da banki ya yar.
Allo baƙi ƙirin, ba hoto, ba ado,
sai ɗan layi fari yana ƙifta ido
kamar fitilar kwalekwale can tsakiyar ruwa.

Ta ce tsarin da ke ciki ba mallakin kowa ba ne,
shi ya sa ya zama na kowa.
Waɗanda ba su taɓa gaisawa ba suka saƙa shi,
kowa da ƙullinsa, taru ɗaya.

Ta nemi sabon jerin ƙunshi daga ma'ajiya.
Na'ura ta turje.
Ashe agogon cikinta ya tsaya a wata shekara da ta shuɗe,
duk hatimin da aka nuna mata
sai ta ce lokacinsa bai yi ba tukuna.
Ban ga laifinta ba. Na san irin wannan tsayuwar.
Maite ta gyara mata kwanan wata,
sunaye suka zubo kamar sardin daga kwando.

Sai umarni guda, gajere, bai kai tsawon yatsana ba:
ta kira manhajar rumbun bayanai, mai tambarin giwa.
Aka amsa mata: wannan ƙunshi ba ya tafiya shi kaɗai,
'yan rakiyarsa goma sha huɗu ne. Kin yarda?
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Wa ya taɓa shiga teku da kwalekwale zalla?
Sai da igiya, sai da ƙugiya, sai da mai,
sai da yaron da zai riƙa kwarfe ruwa.

Ta yarda. Muka jira.
Karnukan gaɓa suka yi haushi suka gaji.
Ƙunshi na kwance kansa, kowane ya san gurbinsa,
ba wanda ya taka ƙafar wani.
Kafin ruwan buta ya tafasa giwa ta miƙe,
ta tsaya a ƙofa ta dubu biyar da ɗari huɗu da talatin da biyu
ta kasa kunne.

Maite ta zana jadawali: sunan jirgi, mai shi,
ranar fita, ranar dawowa, nauyin kamu.
Ta ce, Kaka Baldomero, da wa za mu buɗe?

Ban buɗe littafi ba.
Na ce rubuta La Porfiada, ta Evaristo, wana,
tara ga Yuni, da asuba, mutum uku a ciki.
Ta rubuta. Na'ura ta mayar mana da shi:
gurbin dawowa ba ya zama fanko.

Yarinyar ta dube ni. Ita ta kafa dokar da hannunta,
minti biyar da suka wuce,
don a lissafinta duk wanda ya fita yana komowa.
Ba ta ce komai ba.
Ta sunkuya ta warware sharaɗin, layi ɗaya,
ta sake aikawa.

Giwa ta karɓa.
An ce ba ta mantuwa, za mu gani.
Ni dai na rufe taga don iska ta juya kudu,
na ɗauko littafin shekara ta farko,
na lashi yatsa, na fara karanto mata.